Kofin Shayin Da Ya Haɗiye Shekara Huɗu

Ka tambayi duk ɗan Najeriyar da ya yi wayo kafin 1998 abin da ya kashe Moshood Abiola, kafin ka rufe baki zai ce maka shayi. Ka tambayi matashin da ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin, shi ma shayin zai ambata. Amma ka ƙara da cewa shekara nawa Abiolan ya yi a tsare, wace kotu ce ta same shi da laifi, sau nawa aka bar likitansa ya duba shi, nan za ka ga an fara sosa ƙeya. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Mun riƙe abin da ba mu da hujja a kansa gam, mun saki abin da hujjarsa ke fili, kuma waɗanda ya kamata su amsa tambaya su ne suka fi kowa cin ribar hakan.

A ranar Talata 7 ga Yulin 1998 aka fito da Abiola daga inda ake tsare da shi, aka kai shi wani gidan saukar baƙi na gwamnati a Abuja don ya gana da wakilan Amurka. Jagoran tawagar Thomas Pickering ne, babban jami'i a ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, wanda ya taɓa zama jakada a Najeriya a farkon shekarun 1980. Tare da shi akwai Susan Rice, mai kula da sashen Afirka. Ba a daɗe da fara magana ba tari ya sarƙe Abiola. Rice ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta na 2019 cewa ita ce ta zuba masa shayi daga wanda aka ajiye a kan tebur, don ta ga tarin ya ƙi tsayawa. Ya kurɓa, tarin bai lafa ba. Ya nemi izini ya shiga bayi, ya fito jikinsa ya rikice, numfashi na yi masa wuya. Aka kira likita, aka ɗauke shi zuwa asibitin fadar shugaban ƙasa, can rai ya yi halinsa. Shekarunsa 60.

Abiola Musulmi ne, amma ba a binne shi ba sai bayan kwana huɗu, domin iyalinsa sun dage sai likitocin da ba na gwamnati ba sun bincika gawar. Aka zo da ƙwararru daga Amurka da Birtaniya da Kanada, suka yi aikin a Legas, likitan Abiola na kansa, Dakta Ore Falomo, yana wurin. Abin da suka gani shi ne zuciya ta kumbura ƙwarai saboda daɗaɗɗen hawan jini, hanyoyin da ke kai mata jini sun cushe, irin lalacewar da ke iya kayar da mutum farat ɗaya. Gwajin da aka yi daga baya bai nuna guba ba. Wannan shi ne bayanin hukuma, kuma a iya cewa shi kaɗai ne cikakken binciken likita da aka taɓa yi wa mutuwar wani babban ɗan siyasa da ya rasu a tsare a wancan zamani.

To me ya sa mutane suka ƙi yarda?

Ba don jahilci ba ne, kuma duk wanda ya ce don jahilci ne bai yi wa jama'a adalci ba. Sai a tuna irin ƙasar da ake ciki a lokacin. A watan Oktoban 1995 an bi dattijo Alfred Rewane, mai tallafa wa 'yan adawa da dukiyarsa, har ɗakin kwanansa an harbe shi. A ranar 10 ga Nuwamban shekarar aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, duniya na roƙo ana toshe kunne. A ranar 4 ga Yunin 1996 aka tare motar Kudirat, matar Abiola, a kan titin Legas aka buɗe mata wuta. A ranar 8 ga Disamban 1997 Shehu Musa 'Yar'Adua ya rasu a hannun hukuma. Sai kuma Janar Sani Abacha da kansa ya faɗi ranar 8 ga Yunin 1998, aka binne shi a Kano a ranar, ba tare da binciken gawa ba, nan take jita-jitar cewa tuffa mai guba aka ba shi ta cika gari. Kwana 29 bayan haka sai ga Abiola. Mutum biyun da rikicin ƙasar ya rataya a wuyansu sun kau cikin wata guda. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, balle wannan ba tsumma ba ne.

Akwai kuma batun wanda ya amfana. Janar Abdulsalami Abubakar ya karɓi mulki ya fara sakin fursunonin siyasa, ciki har da Obasanjo, amma Abiola ya zame masa ƙashin kifi. In an sake shi, zai fito yana neman kujerar da ya ci a zaɓen 12 ga Yunin 1993, kuma akwai manyan hafsoshin da ba za su taɓa yarda ba. In an ci gaba da riƙe shi, ƙasashen waje ba za su sassauta takunkumi ba. Kofi Annan na Majalisar Ɗinkin Duniya da Emeka Anyaoku na ƙungiyar Commonwealth sun gan shi 'yan kwanaki kafin rasuwarsa, Annan ya fito ya nuna wa manema labarai cewa Abiola ba ya sa ran fitowa ya hau mulki kai tsaye, magoya bayansa suka ce atafau bai janye ba. Ana cikin wannan taƙaddama sai mutuwa ta raba gardama, hanya ta buɗe, aka yi zaɓen 1999 tsakanin Yarabawa biyu, Obasanjo da Olu Falae. Daga baya jami'in ɗan sandan da ke kula da tsaronsa, Theodore Zadok, ya shaida wa kwamitin binciken take haƙƙin bil'adama na Oputa cewa shi ne ke ɗanɗana abin da za a ba Abiola, kuma a lokacin da aka ba shi shayin ba ya cikin ɗakin. Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarin Abacha, shi ma ya sha faɗa a bainar jama'a cewa kashe shi aka yi. Duk wanda ya haɗa waɗannan ya ce ruwa ba ya tsami banza, ban ga laifinsa ba.

Sai dai zargi daban, hujja daban. Ni dai na auna labarin shayin, ban same shi da nauyin da ake ba shi ba. Tarin ya riga shayin, bisa bayanin waɗanda ke cikin ɗakin. Mai niyyar kashe fursunan da ke hannunsa dare da rana, wanda shi ke ba shi ci da sha, me zai kai shi ga zaɓen lokacin da manyan jami'an wata ƙasa ke zaune suna kallo? In kuwa Amurkawan ne da kansu, kamar yadda wasu ke cewa, wace dabara ce a aiko mutum biyu da duniya ta san fuskarsu su miƙa gubar da hannunsu? Kuma zuciyar da likitoci suka riƙe a hannu ba a rana ɗaya ta kumbura ba. Cewa wani ya amfana da mutuwa ba ya nuna shi ya jawo ta, in ba haka ba kowane magaji abin tuhuma ne. Masu iƙirarin suna da faifai da takardu sun shafe fiye da shekara ashirin suna cewa lokaci bai yi ba, har yau babu wanda ya ajiye abin da ke hannunsa a gaban alƙali aka tantance shi. Ban ce ba zai yiwu a ce an yi masa wani abu ba. Abin da nake cewa shi ne babu wanda ya tabbatar, alhali akwai wani laifin da ba ya buƙatar a tabbatar da shi, domin a gaban kowa aka aikata shi.

Ga laifin. An kama Abiola ranar 23 ga Yunin 1994, kwana 12 bayan ya ayyana kansa shugaban ƙasa a Epetedo da ke Legas. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, shari'ar ba ta taɓa kaiwa ga hukunci ba. A ƙarshen shekarar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta ba da belinsa, gwamnati ta yi biris. Tun a 1994 ƙungiyar likitoci ta ƙasa ta yi kashedi cewa lafiyarsa na taɓarɓarewa, hawan jininsa na buƙatar kulawar da ba ya samu. Aka ajiye shi shi kaɗai, ana sauya masa wuri, ganin iyali da lauya da likita sai an ga dama. Yana ciki aka kashe matarsa. Irin yadda aka yanke shi daga duniya ya fito fili ranar da Annan ya ziyarce shi: Abiola bai san cewa mutumin da ke gabansa shi ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ba, sai da ya tambayi ina Bamisiren nan da ke kan kujerar, yana nufin Boutros-Ghali, wanda ya sauka tun shekara ɗaya da rabi kafin ranar. Mutumin da ke da jaridu da kamfanin jirgin sama, wanda ya san shugabannin duniya ido da ido, an mayar da shi bai san abin da ɗan firamare ya sani ba.

Ka ɗauki mai hawan jini da ya doshi sittin, ka kulle shi shekara huɗu cikin kaɗaici da fargaba, ka hana shi likitansa, ka kashe masa mata, sannan zuciyarsa ta buga. Me ya rage da guba za ta yi? Rahoton likitocin da gwamnati ta riƙa ɗagawa a matsayin wanke kai, in an karanta shi da idon basira, takardar tuhuma ce. Ya ce cutar daɗaɗɗiya ce, wato ta yi shekaru tana cinsa, kuma shekaru huɗun ƙarshe a hannun hukuma ya yi su. Ya kamata a ce tun a lokacin an tambayi wane ne ya ba da umarnin ƙin bin hukuncin kotu, wane ne ke da ikon barin likita ya shiga ko hana shi, wane magani aka rubuta, wane aka ba shi, yaushe aka auna jininsa na ƙarshe, kuma me ya sa aka ci gaba da riƙe shi wata guda cur bayan mutuwar Abacha alhali an saki wasu. Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa. Akwai takardu, akwai sa hannu, akwai mutanen da suka yi gadi. Amma da aka mayar da maganar ta zama ko an sa guba ko ba a sa ba, sai aka ba masu laifi mafita mai sauƙi: su nuna rahoton likita, su ce ga shi babu guba, shi ke nan an gama.

Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Hadisi ingantacce ya zo da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ba a ce ta yanka ta ba, ba a ce ta ba ta guba ba. Kullewar da sakacin sun isa. Shi ya sa nake jin zafi idan na ji an rufe irin wannan magana da cewa kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne babu mai wuce ajalinsa, kuma da wannan imani ne iyalan mamaci ke samun haƙuri. Amma kalma ce ta mai haƙuri, bai kamata ta zama garkuwar wanda aka ba amana ya tozarta ta ba. Wanda aka harbe ma kwanansa ne ya ƙare, hakan bai hana a kama maharbin ba.

Akwai wani abu game da waɗannan zarge-zarge da ya kamata mu 'yan Arewa mu dube shi da kyau. Kowane yanki ya zaɓi labarin da ke wanke shi. A ƙasar Yarabawa abin da aka fi ji a lokacin shi ne Arewa ce ta kashe shi don kada mulki ya bar hannunta. A majalisunmu na Kano da Kaduna da Sakkwato kuwa, abin da aka fi so a ji shi ne Amurka ce ta kawar da Abacha da Abiola gaba ɗaya don ta share fage. Labari na biyun yana da daɗin saurare a wurinmu, domin ya tura laifin can ƙetaren teku, ya kuma mayar da wanda ya kulle da wanda aka kulle abokan musiba ɗaya. Da shi ba sai mun tambayi kanmu komai game da shekarun 1993 zuwa 1998 ba.

Labari na farkon kuwa jini ya zubar. A daren da aka sanar da rasuwar, tarzoma ta ɓarke a Legas da Abeokuta da Ibadan, kuma a wasu unguwannin Legas ta rikiɗe ta zama farautar 'yan Arewa. Gommai suka mutu cikin 'yan kwanaki. Su wane ne? Masu sayar da goro da tumatir, mahauta, masu gadi, 'yan ga-ruwa, mutanen da ba su taɓa taka ƙofar fadar shugaban ƙasa ba. Abin da ya fi ciwo, a zaɓen 1993 Abiola ya kayar da Bashir Tofa a jihar Kano, mahaifar Tofa ɗin. Ba abin mamaki ba ne a ce cikin waɗanda aka sare a titi akwai wanda ya jefa wa Abiola ƙuri'a ranar zaɓe. Likitoci ba su ma iso ba, ba a taɓa gawar ba, an riga an yanke hukunci an zartar da shi a kan talaka. Duk mai yaɗa shaci-faɗi a kan mutuwar babban mutum, a waya ko a majalisa, ya sani cewa ba a kan manya abin ke ƙarewa ba.

Mutuwar Shehu Musa 'Yar'Adua ta fi ta Abiola duhu, amma ba ta samu rabin surutun da aka yi a kan shayi ba. Tafidan Katsina, tsohon mataimakin shugaban mulkin soja daga 1976 zuwa 1979, an kama shi a watan Maris na 1995 bisa zargin juyin mulkin da mutane da yawa suka ɗauka ƙirƙirarsa aka yi, bayan ya matsa a taron tsara tsarin mulki cewa soja su sa ranar sauka. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗauri mai tsawo, aka kai shi kurkukun Abakaliki, nesa da iyalinsa da likitocinsa. Ya rasu yana da shekara 54. Tun daga ranar ake maganar allura, kuma Obasanjo, wanda shi ma yana ɗaure a lokacin, ya sha faɗa a fili cewa guba aka yi wa Shehu. To amma Obasanjon ya yi shekara takwas a kan mulki, ƙanin marigayin, Umaru, ya gaje shi, kuma har yau babu kotun da ta zauna ta ce ga abin da ya kashe Shehu, ga wanda ya yi, ko kuma ga hujjar cewa ba a yi ba. Abin da aka yi shi ne gina katafariyar cibiya da sunansa a Abuja. Abiola ma haka: a 2018 Shugaba Buhari ya ba shi lambar GCFR, ya mayar da 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya, a 2019 aka sa wa babban filin wasa na Abuja sunansa. Karramawar ta dace, ban raina ta ba. Amma sa suna a jikin gini ba ya maye gurbin bincike, kuma ya fi shi arha nesa ba kusa ba.

A nan dole a taɓo wata magana mai wuyar faɗa. Muna gaggauta jana'iza, kuma sunna ce, ba mai jayayya. Yawancinmu ba ma son a taɓa gawar ɗan'uwanmu da wuƙar likita. Amma idan mutum ya mutu a hannun hukuma, gawarsa ita ce shaida ta ƙarshe da ta rage masa, kuma hukumar da ta riƙe shi ta fi kowa son a binne shi kafin la'asar. Manyan majalisun fiƙihu na wannan zamani sun halatta binciken gawa idan ana tuhumar kisa, don kada haƙƙi ya salwanta. Iyalan Abiola sun jure jinkirin kwana huɗu, shi ya sa yau akwai rahoton da za a yi gardama a kansa. A wurin Abacha ba a yi ba, shi ya sa tuffa za ta bi sunansa har abada, ko gaskiya ce ko ƙarya, kuma iyalinsa ba su da takardar da za su ɗaga su ce ga abin da ya faru. Ya kamata malamanmu su riƙa faɗa wa mutane wannan a sarari, tun kafin musiba ta zo gidan wani.

An taɓa samun dama guda ta warware duk wannan, aka bari ta wuce. A 1999 Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take haƙƙin bil'adama ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, da Rabaran Matthew Hassan Kukah cikin mambobinsa. Mutane sun riƙa barin sana'a suna zama gaban talabijin don su ga jami'an tsaron da da ko sunansu ba a iya ambata da ƙarfi suna amsa tambaya. Amma tsofaffin shugabanni uku da aka gayyata, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su bayyana ba. Aka tafi kotu, a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kwamitin ba shi da hurumin tilasta wa kowa zuwa. An miƙa rahoton a 2002, gwamnati ba ta taɓa fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka wallafa shi da kansu a 2005. Gwamnatin da ta ɓoye rahoton da ita ta sa a rubuta, da wane baki za ta ce wa jama'a su daina jita-jita?

Kuma ba a daɗe ba hukuma ta sake koya wa mutane cewa rashin yarda da ita shi ne hankali. A ranar 30 ga Yulin 2009 sojoji suka miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda a Maiduguri da ransa. Bayan 'yan sa'o'i aka ce ya mutu, aka ba da labarin cewa wajen ƙoƙarin tserewa ne. Sai ga hoton bidiyo yana zaune ana yi masa tambayoyi, sai ga gawarsa da harbi. Duk ɓarnar da mutumin ya jawo, kotu ce ya kamata ta hukunta shi, kuma abin da ya biyo bayan kisan nasa kowa a Arewa maso Gabas ya ɗanɗana. Bayan irin wannan, duk sanarwar da ta fito cewa wane ya rasu a tsare bayan gajeriyar rashin lafiya, ko da gaskiya ce tsantsa, ta riga ta rasa masu saye.

Wani zai ce ai ko an yi bincike mutane ba za su daina zargi ba, ya kawo misalin Jeffrey Epstein, attajirin Amurka da aka tsinci gawarsa a kurkukun New York ranar 10 ga Agustan 2019 yana jiran shari'ar safarar 'yan mata ƙanana. Likitar gwamnati ta ce rataye kansa ya yi, miliyoyin Amurkawa har gobe ba su yarda ba, saboda manyan mutanen da ya yi hulɗa da su. Haka ne. Amma a duba abin da aka yi. Babban mai binciken ma'aikatar shari'a ya fitar da rahoto a 2023 wanda ya bi daren dalla-dalla: an ɗauke abokin ɗakinsa kwana ɗaya kafin nan ba a kawo wani ba, gandirobobi biyun da ya kamata su leƙa shi duk rabin awa sun yi barci, sun yi ta yawo a intanet, sannan suka cike takardar ƙarya cewa sun zagaya, yawancin kyamarorin sashen ba sa naɗar komai. An gurfanar da gandirobobin, an rufe kurkukun a 2021. Zargi bai mutu ba, amma mai neman gaskiya yana da inda zai dafa, yana da sunaye da lokuta da zai auna. Mu a nan ko wannan ba mu da shi, ga Abiola ko ga Shehu.

In haka ta faru da mutumin da ya ci zaɓen shugaban ƙasa da kuma janar ɗin soja, ina ga wanda ba kowa ba? Kusan biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru. Cikinsu akwai masu hawan jini, masu ciwon suga, masu tarin fuka, masu taɓin hankali. Idan ɗayansu ya faɗi, babu Pickering a ɗakin, babu likita daga Kanada. Ana kiran wani ɗan'uwa ne, in an samu lambarsa, a ce ya zo da mota. Ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba, ya ɗauki gawa a naɗe cikin tabarma ko zanen da ya zo da shi, in ya ga tabo a jiki wajen wanka sai ya haɗiye, domin bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kuma yana tsoron kada shi ma a riƙe shi. Ba wanda zai ƙirƙiro labarin maƙarƙashiya a kan wannan mamaci, alhali abin da ya kashe shi da abin da rahoton likitoci ya nuna a kan Abiola abu ɗaya ne.

Dokokin ba su ɓace ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Mandela a 2015, sun wajabta kai rahoton duk mutuwar da ta auku a tsare ga wata hukuma mai zaman kanta da ba ta ƙarƙashin gidan yarin, don ta bincika. Jihar Legas ta sabunta dokarta ta binciken musabbabin mutuwa a 2007. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017 da dokar gidajen gyaran hali ta 2019. Majalisun jihohin Arewa za su iya yin abin da Legas ta yi a zama ɗaya in sun ga dama: duk wanda ya mutu a ofishin 'yan sanda ko gidan yari ko barikin soja, majistare ya zauna a fili, likitan da iyali suka amince da shi ya halarta, a rubuta sakamako, kowa ya iya karantawa.

Game da Abiola da Shehu kuwa, lokaci na ƙurewa. Oputa ya rasu a 2014, Buhari ya rasu a 2025. Babangida ya jira shekara 32 kafin ya amsa a littafinsa na 2025 cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Abdulsalami na nan da ransa, Al-Mustapha na nan, Obasanjo na nan, kuma cikin likitoci da gandirobobi da masu gadin da suka yi aiki a Abuja da Abakaliki ba za a rasa masu rai ba. Ya kamata Majalisar Tarayya ta nemo hanyar doka da za ta ba sabon kwamiti hurumin da Kotun Ƙoli ta ce na Oputa ba shi da shi, a kira su ɗaya bayan ɗaya, su rantse, a ajiye fayil ɗin asibitin fursunonin biyu a kan tebur, a fara da tambayar wane ne ya sa hannu a hana likita shiga.